Awa Nawa Abinci Yake Yi A Tumbi?

Ƴan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya wadda kowa yake ganin ya san amsarta, ita ce: awa nawa abinci yake yi a tumbin ɗan Adam kafin ya gangara zuwa hanji? Jefa ta a majalisa, za ka ji wani ya ce awa 2, wani ya ce 4, wani kuma ya rantse cewa tuwon da ya ci da dare har hantsi yana nan daram. Yana yiwuwa dukkansu suna da gaskiya. Likitoci sun shafe kusan shekara 200 suna ƙirƙiro dabarun auna wannan al'amari, kuma duk lokacin da awonsu ya ƙara kyau sai su ƙara ganin cewa tumbi ba ya bin agogo guda.

Tambayar tana da nauyi fiye da hirar majalisa. Mai ciwon sukari da ya yi allurar insulin ya ci abinci, idan abincin ya maƙale a tumbi alhali allurar ta fara aiki, sukarinsa zai faɗi ƙasa, sa'annan ya yi sama bayan ƙarfin allurar ya wuce. Wanda za a sa wa maganin barci domin tiyata, idan da sauran abinci a tumbinsa, yana iya dawowa ya shiga huhu, kuma wannan yana kisa. Ga kuma bayin Allah da suke ƙoshi da loma uku, suna fama da kumburin ciki da tashin zuciya, wani lokaci su yi aman abin da suka ci tun jiya.

Tumbi, wanda Larabawa suke kira mi'ida, jaka ce ta tsoka. Samanta yana buɗewa ya ajiye abin da aka haɗiya, ƙasanta kuma yana matsawa kamar sau 3 a kowane minti, yana niƙa abincin yana cuɗa shi da ruwan tsami. A ƙarshenta akwai wata ƴar ƙofa wadda likitocin Larabawa suka laƙaba wa suna bawwab, wato mai tsaron ƙofa, kuma sunan ya dace da ita, domin ba ta barin abu ya wuce sai ya niƙu ya koma kamar milimita 1 zuwa 2. Saboda haka ruwa zalla yakan fara wucewa nan take, rabinsa ya fice cikin minti 10 zuwa 20 a tumbin da babu komai, amma nama da tuwo sai sun yi zaman jira tukuna.

Mutum na farko da ya samu damar kallon wannan aiki da idonsa na tsawon lokaci wani likitan soja ne na Amurka, Wiliyam Bomont. Ranar 6 ga watan Yuni na 1822, a tsibirin Makinak, bindiga ta tashi bisa kuskure ta samu wani saurayi ɗan Kanada mai jin Faransanci, Aleksis Sen Martan, a haƙarƙarinsa na hagu. Ba wanda ya zaci zai kwana, amma ya rayu, sai dai raunin ya warke ya bar wata kafa da ta buɗe kai tsaye cikin tumbinsa. Daga 1825 Bomont ya riƙa ɗaura guntun nama ko burodi ko kabeji a zaren siliki, ya zura ta kafar, bayan wani lokaci ya jawo ya duba abin da ya rage. A 1833 ya buga littafi mai ɗauke da gwaji 238. A jadawalinsa dafaffiyar shinkafa ta narke cikin awa 1, wani gasasshen nama mai kitse kuwa ya haura awa 5. Ya kuma lura cewa ranar da ran saurayin ya ɓaci, aikin tumbin yakan yi nawa. Mutumin da ake zura wa zare a ciki shekara da shekaru kuwa, ba a rasa ranar ɓacin rai a wurinsa ba. Ya sha gudu ya koma Kanada. Ikon Allah, shi ne ya rayu har 1880, likitan nasa kuwa ya rasu tun 1853. Jadawalin Bomont ya yi yawo a littattafai tsawon zamani kamar hukunci ne a kan kowa, alhali tumbin mutum ɗaya ne, shi ma mai huji.

Da Rontgen ya gano hasken hoton radiyo a Jamus a 1895, sai wani ɗalibin likitanci a jami'ar Habad, Wolta Kanon, ya gauraya garin bismut, wanda hasken ba ya ratsawa, cikin abincin kyanwa, ya zauna yana kallon inuwar tumbinta tana motsi. Ya buga sakamakon a 1898. Da fari ya ga tumbin kyanwa mace yana aiki amma na muzuru ya tsaya cik, daga baya ya fahimci cewa muzurun ne ba ya son ɗauri, yana ta fafutuka. Ita ma macen idan ta firgita motsin yakan tsaya. Daga wannan aiki ne aka gaji farin ruwan baryom da ake ba mutane su sha kafin hoton ciki. Yana nuna toshewa ko gyambo, amma ba a dogara da shi wajen auna sauri, domin baryom abu ne mai nauyi, kuma tumbi ba ya ɗaukarsa a matsayin abinci.

A shekarun 1950, a asibitin Gay na Landan, wani masani mai suna Hant ya bi wata hanya mai wahala. Mutum zai haɗiyi siririyar roba, a zuba masa ruwa mai launi wanda aka san yawansa, bayan minti kaza a zuƙo abin da ya rage a auna. Wata rana a maimaita, a ƙara mintoci. Daga irin wannan haƙuri aka gano ƙa'idar da har yau take tsaye: ƙaramin hanji ne yake ba tumbi umarni. Idan abin da yake isowa gare shi yana da maiƙo ko zaƙi ko tsami da yawa, sai ya aika saƙo ta jijiyoyi da sinadaran jini cewa a sassauta. Shi ya sa tumbin mai lafiya yake sakin abinci da ma'aunin ƙarfinsa, tsakanin kalori 1 zuwa 4 a minti. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Kwanon da yake da kalori 600, a wurin mai sakin 4 a minti zai ƙare cikin awa 2 da rabi, a wurin mai sakin 2 kuwa sai ya kai awa 5, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau.

Awon da likitoci suka ɗauka a matsayin ma'auni a yau shi ne sintigarafi, wanda aka fara amfani da shi a kan tumbi a 1966. Ana dafa ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da haske wanda ido ba ya gani, teknesiyom 99m, a cikin ƙwai domin ya manne da shi. Mutum ya ci, ya tsaya gaban wata na'ura da take ƙirga hasken da yake fitowa daga wurin tumbinsa. Sinadarin ba ya daɗewa, domin ƙarfinsa yana raguwa da rabi a kowace awa 6, amma duk da haka ba a yi wa mai juna biyu. Shekaru da dama kowane asibiti yana da irin abincin da yake bayarwa da irin lokacin da yake ɗauka, har ya zama wanda aka ce masa lafiya lau a wannan gari, a wancan a ce masa mara lafiya. A shekarar 2000 aka buga awon da aka yi wa mutum 123 masu lafiya da abinci iri ɗaya, a 2008 kuma ƙungiyoyin masana biyu na Amurka suka amince da shi: farin ƙwai giram 120, yankan burodi 2, jam giram 30, ruwa mililita 120, jimla kalori 255, a cinye cikin minti 10. Ana ɗaukar hoto da gama ci, sai bayan awa 1, da awa 2, da awa 4. Idan a awa 2 abin da ya rage ya haura kashi 60 cikin 100, ko a awa 4 ya haura kashi 10, an ce tumbi ya yi nawa. Idan kuwa a awa 1 abin da ya rage bai kai kashi 30 ba, ya yi gaggawa.

A nan nake so mu tsaya kaɗan, domin daga wannan awo ne zancen "awa 4" ya bazu a bakin mutane. Awa 4 ɗin na ƙwai ne da burodi marasa mai, abin da ɗan makaranta zai karya da shi ya ji yunwa kafin a tashi tara. Ɗora wannan adadi a kan malmala biyu ta tuwon dawa da miyar kuka da man shanu kuskure ne tun daga tushe.

An kuwa auna tuwon namu, amma da wata dabara daban, wato awon numfashi, wadda masana a jami'ar Luban ta Beljiyam suka bayyana a 1993. Ana sa wani maiƙo mai ɗauke da kabon 13 cikin abinci. Shi kabon 13 ba ya fitar da haske mai cutarwa, don haka ana iya yi wa yara da masu ciki. Maiƙon ba ya shiga jini sai ya bar tumbi. Da ya isa hanji sai ya wuce hanta ta ƙona shi, kabon ɗin ya fito cikin numfashi. Mutum zai riƙa hura iska cikin ƴan kwalabe ko jakunkuna lokaci bayan lokaci har awa 4 ko fiye, a kai su ɗakin bincike. Sauƙinta shi ne ba a bukatar babbar na'ura kusa da majinyaci. Rauninta kuma shi ne hasashe take yi daga nesa: idan hanji ko hanta ko huhu suna da matsala, lissafin ya karkace ko da tumbi lafiyarsa lau.

Da wannan dabara aka gwada mutum 14 masu lafiya a Bamako, aka buga sakamakon a 2018. An ba kowannensu abinci iri 8 a ranaku daban-daban. Tuwon dawa da tuwon gero da dambun gero sun ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa da dankalin Turawa da taliya suka ɗauka kafin rabinsu ya bar tumbi. Manomin da yake cewa tuwo yana riƙe shi har azahar, shinkafa kuwa ko hantsi ba ta kai shi, ya samu shaida daga ɗakin bincike. Amma akwai ƙulli a ciki. Gero da dawa da masara da rake, a halittarsu suna ɗauke da kabon 13 fiye da shinkafa da alkama, saboda haka suna iya ruɗa awon da kansu. Masu binciken sun san da haka, suka sake gwaji bayan shekara guda da mutum 6 domin cire wannan bambanci, sakamakon bai sauya sosai ba. Sai kuma ga wani abu: da aka ba mutane a Amurka irin waɗannan abinci na gero bayan ƴan shekaru, aka auna su da dabara iri ɗaya, ba a ga wannan jinkiri ba, geron da farar shinkafa sun bar tumbi kusan lokaci guda. Wannan yana nuna cewa ba abin da yake cikin kwano kaɗai ake aunawa ba, har da tumbin da ya karɓe shi da irin cimar da ya saba da ita. A ganina, duk wanda zai kafa hujja da binciken Bamako ya kamata ya ambaci adadin mutanen, 14 da 6, ya kuma ambaci na Amurka tare da shi.

Sauran dabarun ba sai mun daɗe a kansu ba. Akwai ta farasitamol, wanda tumbi ba ya tsotsarsa sosai sai ya isa hanji, don haka saurin bayyanarsa a jini yana nuna saurin wucewar ruwa. Tana da araha, amma ana ta ɗibar jini, kuma ba ta faɗin komai game da abinci mai tauri. Akwai ekogarafi, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ana auna faɗin ƙasan tumbi. Masu sa maganin barci suna amfani da ita domin su ga ko tumbi fanko ne, sai dai iska a ciki da ƙiba da gwanintar mai riƙe da na'urar duk suna shafar sakamakon. Akwai hoton maganaɗisu, mai kyau da tsada, wanda ya fi yawa a wuraren bincike. An kuma yi wani ƙwayar na'ura, SmartPill, da aka amince da shi a Amurka a 2006: a haɗiye shi, ya riƙa aiko da labarin tsamin wurin da yake, ranar da tsamin ya faɗi an san ya bar tumbi, kuma idan ya haura awa 5 an ce akwai jinkiri. Da yake ba ya niƙuwa, sai ya jira wata babbar matsa da tumbi yake yi bayan ya gama da abinci, wadda take share abin da ya saura; ke nan abin da yake aunawa ya bambanta da na ƙwai. Kamfanin ya daina yin sa a 2023. Fibroskofi kuwa, wato robar nan mai ido da ake zurawa ta baki, ba awon sauri ba ne, amma da shi ake farawa domin a tabbata ba wani gyambo ko ƙari ne ya toshe ƙofar ba.

To, ko da an tsaya a kan dabara guda da abinci guda, mutane ba su zama ɗaya ba. Tumbin mata, a jimlace, ya fi na maza jinkiri. Lokacin yini ma yana da tasiri: a wani gwaji da aka buga a 1987, an ba maza masu lafiya abinci iri ɗaya da ƙarfe 8 na safe da kuma ƙarfe 8 na dare, sai na daren ya ɗauki ƙarin kusan rabin lokacin na safen. Masu cika tumbi da soye-soye bayan buɗa baki su miƙe a katifa, su kwana da ƙwarnafi, ga wani ɓangare na bayanin halin da suke ciki. Kwanciya ta gefen hagu tana rage saurin wucewar ruwa, ta dama tana ƙara shi. Taba sigari tana jinkirta abinci mai tauri, tabar wiwi ma haka. Tsoro da zafin ciwo suna yin abin da Kanon ya gani a jikin muzurunsa. Hawan sukari a jini yana sa tumbi nawa a wannan sa'ar, faɗuwarsa kuma tana sa shi gaggawa, shi ya sa ƙa'idar 2008 ta ce a ɗage awon idan sukari ya haura giram 2.75 a lita.

Magunguna su ne suka fi ɓata lissafi, kuma su ne mutane suka fi ɓoyewa. Taramadol da kodin da danginsu suna ɗaure tumbi, kuma mun san yadda suka yi katutu a garuruwanmu. Sababbin allurai na ciwon sukari da rage ƙiba, irin su Ozempic, jinkirta tumbi yana cikin aikinsu. Primpéran da Motilium kuwa, waɗanda ake saye a farmasi domin tashin zuciya, hanzarta shi suke yi. Don haka ake umartar wanda za a auna ya dakatar da irin waɗannan kwana 2 zuwa 3 bisa shawarar likita (alluran da ake yi mako-mako suna bukatar fiye da haka), ya kwana bai ci komai ba, kada ya sha taba da safen. Saurayin da ya ji kunyar faɗa wa likita abin da yake sha, zai fito da takarda mai cewa tumbinsa ya mutu, alhali ƙwaya ce ta riƙe shi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mutum ɗaya ma ba ya maimaita kansa. A asibitin Mayo na Amurka an yi wa majinyata 60 sintigarafi sau biyu, tsakaninsu kamar mako 2, aka buga a 2018: kusan mutum 3 cikin kowane 10 hukuncinsu ya sauya, wanda aka ce daidai ya koma mai jinkiri ko mai gaggawa, ko akasin haka. Wani babban bincike na asibitocin Amurka da aka buga a 2021 ya sake auna majinyata bayan mako 48. Kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka ce suna da kasalar tumbi, wadda likitoci suke kira gastroparezi, sun fita daga wannan suna, kashi 37 na waɗanda aka ce saurin tumbinsu daidai ne kuma sun shiga cikinsa, alhali abin da suke ji a jikinsu bai sauya sosai ba. An daɗe da sanin cewa tsananin kukan majinyaci da adadin da na'ura ta bayar ba su cika tafiya tare ba.

Wannan ba dalili ne na raina awo ba. Wanda a awa 4 aka tarar da rabin ƙwan yana zaune a tumbinsa, yana rama, yana amai, jinkirinsa ba na wasa ba ne, kuma ba a sa ran gobe ya koma daidai. Shakka tana wurin wanda ya faɗo a bakin iyaka, kamar kashi 12 a inda aka ce 10. Irin wannan, ni dai ina ganin bai kamata ya ɗauki sunan cuta ya rataya a wuyansa ba, balle ya shiga shan magani na shekaru, musamman da yake Primpéran idan aka daɗe ana sha yana iya jawo motsin fuska da gaɓoɓi wanda ba ya jin magani. Hakkinsa ne ya tambayi likita, cikin ladabi, wane abinci aka ba shi, ko an kai awa 4 ko an tsaya a 2, nawa sukarinsa yake a safiyar, kuma ko akwai amfani a maimaita.

Saboda wannan saɓani ne masu sa maganin barci ba sa yin ciniki a kan lokaci. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 2 bayan ruwa garai, awa 4 bayan nonon uwa ga jariri, awa 6 bayan abinci mara nauyi ko madara, awa 8 bayan nama ko soyayyen abu. An faɗaɗa ta ne domin ta rufe har mai jinkirin tumbi daga cikin masu lafiya. Iyaye mata su lura da kyau: kunu da koko da fura da shayi mai madara ba sa cikin ruwa garai, abinci ne, ko da a kofi aka sha su. Idan tausayi ya sa an ba yaro kunu da asuba, a faɗa wa ma'aikatan kafin a shiga da shi. Ɗage aikin na ƴan awoyi ya fi sauƙi. Mai ciwon sukari na shekaru, da mai juna biyu da ta kusa haihuwa, da mai shan taramadol, da mai yin allurar rage ƙiba, su kuma ko sun cika awoyin nan tumbinsu yana iya kasancewa da saura, don haka kowannensu ya sanar da halinsa tun ranar da aka sa masa lokacin tiyata.